Shekarar da Haƙorin Makkana Ya Yi Tsawo

Ni ba a gidanmu na gaji taba ba, wannan a fara sani. Uwata ko goro sai an matsa mata take ci. Na yi aure a Bodinga, na haihu, na aurar, ban taɓa sa garin taba a bakina ba. In na ga tsofaffin unguwarmu suna tsartar da yawu a gindin katanga har tsaki nake yi, in tattare zanina in wuce. Abin da ya kai ni ga taba tafiyar Makka ce. Ba aikin Hajjin ba, astagfirullah, abin da na ƙaro a kansa.

Shekarar da albasa ta yi kyau a fadamar Danchadi, babban ɗana ya biya mini kujera. Tare muka tafi da ƙanwata wadda ke aure a Mandera, can ƙasar Shagari. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara biyu ce tsakaninmu, kuma tun muna ɗaukar tulu ba abin da na taɓa yi ta ce ya yi kyau. Muka yi ibada, Allah ya karɓa. Saura 'yan kwanaki a dawo sai mata suka fara tururuwa wurin masu sa haƙori. Kun san yadda abin yake. Hajiyar da ta dawo baki fari fat, duk inda ta shiga sai ta yi bayani. Wadda ta sa haƙori kuwa murmushi kawai za ta yi, an gama magana.

Ƙanwata ta zaɓi na azurfa. Da na ga haka na ce ni na zinariya. Mutumin ya kwantar da ni a wata kujera, ya goge haƙorin da wani ɗan inji mai kuka kamar sauro, ya kifa masa hular zinariya. Na sama ne, gefen dama, wanda ke bin fiƙa. Ni na nuna masa wurin da yatsana, don na lura in na yi dariya leɓena ta nan yake fara ɗagawa.

Da na dawo, wata guda cur ina dariya ko ba a ba da labarin dariya ba. Ko gidan gaisuwar mutuwa na je, da ƙyar nake riƙe leɓen nan.

Sai haƙori ya fara tsami. In na kurɓi ruwan randa sai in ji kamar an soka mini tsinke har cikin ido. Na yi shiru da abina, don ba zan ce haƙorin Makka yana ciwo ba, ƙanwata ta ji. Wata maƙwabciyata, tsohuwa mai kitso, ita ta gane. Tana mini kitso ta ga ina dafe kunci.

Ta ce, "Hajiya, mi ya samu bakin?"

Na ce, "Sanyi ne."

Ta ce, "Kawo shi nan."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar batta. Garin taba ne da aka daka da kanwa. Na ja baya, na ce ni ba ni shan wannan ƙazanta. Ta ce ai ba sha za ki yi ba, magani za ki sa. Ta ɗebo kaɗan a tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga leɓena ta cusa a gindin zinariyar. Ban san lokacin da tsakar gida ta fara juyawa ba. Turmi ya wuce ta gabana, akuya ta wuce, turmi ya sake wucewa. Na kwanta a tabarma da rabin kitso, zufa tana karyo mini. Amma da na tashi, tsamin nan babu shi.

Kwana uku ina aika a karɓo mini a wurinta. A na huɗu na sayi battata.

Sauran mata a leɓen ƙasa suke zuba tasu. Ni a sama nake sa tawa, daidai gindin zinariya, saboda haka a wurina ni ba mashayiyar taba ba ce, mai jinya ce. Haka na yi ta jinyar nan fiye da shekara goma. In na sha kunun safe in sa, in na idar da azahar in sa, in baƙi suka zo in sa don hira ta yi daɗi, in suka tafi in sa don sun gajiyar da ni. Tsamin da ya kawo ta ma na manta yadda yake.

Wata safiya ina goge zinariyar da bakin mayafi a gaban ɗan madubina, sai na ga wani abu. Da can hular zinariyar tana manne da dasashi, ba ko tsaga. Yanzu ga wani ɗan fari-fari ya leƙo a tsakaninsu, kamar faɗin ƙwayar gero. Na kankara da farce, bai fita ba. Haƙori ne. Bayan damina biyu ya kai ƙwayar dawa.

Nan na tuna kakata ta wajen uba. Mun taso muna jin cewa ta yi tsawon rai har sababbin haƙora suka fito mata bayan na da sun zube. Ban gani da idona ba, amma duk danginmu sun yarda. Na zauna na haɗa lissafina: ga jini, ga kuma haƙorin da aka sa a ƙasa mai tsarki. Na ce shi ke nan, haƙorina tsawo yake yi. Albarka ce ta sauka a bakina, ba a bakin kowa ba.

Abu irin wannan ba a ɓoye shi. Na fara da matan 'ya'yana, suka ce ikon Allah. Daga nan sai unguwa. Kafin wani lokaci, in na je biki ko suna sai an ce, Hajiya a nuna mana. In yi kamar ba ni so, in ce ku bar ni, mene ne abin kallo a bakin tsohuwa, alhali tun daga gida na goge shi.

Ranar da abin ya fi armashi, sunan jikar mai kitson nan ne. Ƙanwata ta zo daga Mandera. Ana cikin rabon tuwo mata suka kewaye ni, na ɗaga leɓe. Wata mai tsohon ciki har ta roƙi in bari ta taɓa. Ƙanwata ta matso ta leƙa, ta daɗe tana leƙe.

Ta ce, "Yaya, rana ɗaya hwa anka sa muna. Mutum ɗaya. Mi ya hana nawa?"

Na ce, "Azurhwa ai ba ta tsiro."

Mata suka kwashe da dariya. Ta koma ta zauna tana cin tuwo kamar da shi take faɗa.

A cikin masu kallon akwai malamar asibitin garinmu, wata matashiya da aka turo daga wajen Gwadabawa. Ita ta karɓi haihuwar, shi ya sa aka gayyace ta. Ita ma ta leƙa, amma ba ta ce ikon Allah ba, kuma na lura. Da na tashi tafiya ina neman takalmina a bakin zaure, sai ga ta ta durƙusa ta miƙo mini su.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna, ki yi mani haƙuri in hwaɗi wata magana. Haƙori ba shi tsawo in mutum ya girma. Dasashin ne ke ja da baya. Kin ga kututture cikin tabki da rani? Ba shi ya ƙaru ba, ruwa ne ya janye. Kuma inda kike aje taba, nan ya janye."

Na dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa. Na ce, "Ɗiyata, kin je Makka?"

Ta ce, "Ban je ba tukuna, Inna."

Na ce, "To in kin je kin dawo, sai mu yi magana."

Na sa takalmina na fita ina jin daɗin amsar da na ba ta. Har gida ina maimaita ta a raina.

Ba a yi wata biyu ba aka kawo rake daga fadama. Matan gida suna ta fama da wuƙa, ni kuwa na ce su ba ni sanda guda in nuna musu yadda muka sha rake a zamaninmu. Na kafa haƙori a ɓawon na fizga. Sai na ji wani abu ya ce ƙis a can sama, kamar an girgiza turken da bai kafu ba. Na tsaya da rake a hannu. Na kai harshe a hankali na tura, zinariya ta tafi. Na sake ta, ta dawo.

Matar ɗana ta ce, "Hajiya, lahiya?"

Na ce raken bai nuna ba, na ajiye. Na shiga ɗaki na ɗauki madubi, na ɗaga leɓe sosai yadda ban taɓa ɗagawa a gaban mutane ba. Dasashin wurin ya yi fari ya yamutse kamar fatar da ta kwana a ruwa, gefensa ja, ga ɗan jini. Wannan abin da nake nuna wa mata, saiwa ce. Shekara da shekaru ina yawo gida-gida ina nuna wa mutane saiwar haƙorina, suna ce mini ikon Allah.

Washegari na tafi asibiti da ciwon gwiwa. Gwiwar lafiyarta lau. Malamar ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu, ta danna gwiwa nan, ta danna can, ta ce in lanƙwasa, na lanƙwasa. Sannan ta sa safar hannu ta ce, "Inna, tunda kin zo, mu duba bakin ma, kada tahiyar ta tashi a banza."

Yarinyar nan ta san darajar manya. Ko da wasa ba ta ambaci Makka ba. Ta taɓa haƙorin, ta rubuta takarda ta ce a kai ni wurin likitan haƙori a Sakkwato.

Ɗana ya kai ni. Likitan wani dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da wasa ko kaɗan. Ya kankare mini wani abu mai tauri kamar ƙanzo daga gindin haƙoran, ya haska, ya girgiza, sannan ya zauna ya ce naman da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Ɗan abin da ya saura shi ke riƙe da haƙorin. In na bar taba na tsabtace wurin, mai yiwuwa ya tsaya. In ban bari ba, zuwa na gaba zai cire shi ya naɗe mini a takarda in tafi da shi gida.

A takarda! Haƙorin Makka a ƙunshe kamar daddawar kasuwa. Na hango kaina a gidan biki da wawulo, ƙanwata tana gefe tana walƙiya da azurfarta. Na ce wa likita na bari tun daga yau.

Na bari ɗin, har muka wuce gadar shiga Bodinga. Da yamma sai na yi wani tunani mai kyau. Ai likita bai ce taba ta yi wa bakina duka laifi ba, wuri ɗaya ta ɓata. Sai na mayar da ita leɓen ƙasa, gefen hagu, can nesa da zinariya. In ɗana ya tambaya in ɗaga masa leɓen sama, ya ga wuri fes, ya ce madalla Hajiya.

Mako uku na ci a haka. Ranar da na koma wurin malama, ta duba sama, sannan ba tare da ta tambaye ni ba ta ja leɓen ƙasa.

Ta ce, "Inna, ashe ƙaura kinka yi mata."

Na ce, "Ai gida daban, unguwa daban."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta daina. Ta ce yawu ɗaya ne ke zagaya bakin, duk inda na ajiye ta sai ta kai ga haƙorin. Ta ce kuma farin tabon nan da taba ke bari, wani lokaci yakan rikiɗe ya zama mugun ciwo wanda ya fi faɗuwar haƙori nesa. Na ce to ni na kasa, abin ya fi ƙarfina. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki na kasa ba sai ranar.

Ta ce, "Da azumi ƙaƙa kike yi?"

Na ce, "Kamar kowa."

"Tun asuba har magariba ba taba?"

Na ce, "Ke! Don taba zan karya azumi?"

Ta ce, "To ashe kina iyawa. Ga azumi nan saura kwana kaɗan."

Ban gaya mata cewa a shekarun nan duka, dabino ɗaya ne tsakanin kiran salla da battata ba.

Na koma gida na auna kaina, don ni na san wadda nake zaune da ita. Zan iya yi wa ɗana wayo, zan iya yi wa malama, kaina ma na yi masa fiye da shekara goma. Ko na jefa batta a rijiya, ranar kasuwa zan sayi wata. Abu ɗaya ne ba ni iya ɗauka a duniyar nan, a yi mini dariya sau biyu a kan abu ɗaya. Kuma na san inda ake samun dariyar da ta fi kowace ciwo.

Saura kwana biyu azumi na hau mota zuwa Shagari, daga nan aka ƙarasa da ni Mandera. Na tarar da ƙanwata tana sussukar gero. Ko ruwa ban sha ba na ce ta ajiye taɓarya ta zo ta gani. Na ɗaga leɓe, na sa yatsa na girgiza mata zinariyar.

Na ce, "Ba tsawo ya yi ba. Taba ce ta cinye naman. In ban bari ba cire shi za a yi."

Ta dube ni, ta dubi haƙorin. Sai ta zauna daɓas a kan zangarniya ta fara dariya. Ta yi har hawaye, ta yi har tari, kaji suka watse. Na tsaya ina kallonta, don abin da na zo nema ke nan.

Da ta samu numfashi ta ce, "Yaya, Allah ya isa tsakanina da ke. Kin san bayan sunan nan sai da na sayo taba na cusa a gindin nawa? Na ce ko ita ce takin. Kwana na yi ina amai, maigida ya zaci mayu sunka kama ni."

Sai ni ma na zauna a kan zangarniyar. Rabon da mu yi dariya tare irin wannan tun muna 'yan mata.

Na kwance bakin zani na miƙa mata battar. Na ce, "Riƙe. Kuma ki hwaɗa wa kowa."

Ta ce, "Ko ba ki ce ba."

Ta cika alkawari. Kafin in kwana biyu labari ya kai Horo Birni, ya zagayo ya riga ni shiga wasu gidajen a Bodinga. In na fita sai in ji, "Hajiya, ina gajiya? Ya mai tsawo, ya kai haɓa?" In ce yana gaishe ku. Wadda ta taɓa shi da tsohon ciki ta aiko a tambaye ni ko abin da ta haifa zai yi dasashi.

Azumin bana kuwa, ba yunwa ce ta wahalar da ni ba. Da rana lafiya lau, jiki ya saba. Amma da an kira magariba, na ci dabino na kurɓi kunu, sai hannuna ya tafi bakin zani da kansa ya tarar ba kowa. Kaina ya yi ta sara kamar ana faskare a ciki. Na tauna kanumfari, na tauna citta, na tsotsi tsamiya har harshena ya tsage. Na yi faɗa da matan 'ya'yana a kan gishiri, da suka gyara gishiri na yi faɗa a kan sun gyara ba su tambaye ni ba. Akwai wani zakara da ya dube ni wani iri, shi aka ci ranar goma ga wata.

Mai kitso takan shigo da la'asar sakaliya ta taya ni hira, ta sha ruwa a gidanmu. Da ta gama sai ta fito da battarta. Nakan ce ta koma ta wancan gefen tabarma, wai don haske, alhali ta nan iska ke busowa. Ran sha bakwai ga wata ƙamshin ya kai ni maƙura. Ban san lokacin da na miƙa mata tafin hannu ba.

Ta dubi hannun, ta ce, "In zuba? Gobe babbar jikata za ta Mandera, wurin ƙanwarki."

Na juya hannun na ce ƙuda nake kora.

Daga ranar abin ya fara sauƙi, kaɗan-kaɗan. Kafin Salla ciwon kan ya tafi. Na fara jin ɗanɗanon miya, har na gane ashe matar ƙaramin ɗana ta iya girki, abin da na shekara shida ina musu. Malama ta koya mini goge wurin da abu mai laushi, ba da asuwaki mai tauri ba, da kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ruwan randa kuwa sai an surka mini.

Bayan Babbar Salla ɗana ya mayar da ni Sakkwato. Dattijon likitan ya kwantar da ni, ya duba sama, ya duba ƙasa, hagu da dama, har ƙarƙashin harshe, kamar mai neman abin sata. Ya kama zinariyar da yatsu biyu ya girgiza. Na rufe ido ina jiran in ji ƙarar takarda.

Ya ce, "Farin tabon ya ɓace. Haƙorin yana ɗan motsi, amma bai kai na da ba. Ba zan cire ba."

Na ce, "Har abada?"

Ya ce, "Har wata shida, ki dawo in gani. Ban da rake, ban da ƙashi, ban da goriba."

Na ce, "Tsire fa?"

Ya ce in an yanka ƙanana, a ci ta hagu.

Da muka fito na sa ɗana ya tsaya wurin mai tsire a bakin titi. Na tsaya a kan mutumin sai da ya yanka mini shi ƙanana-ƙanana yadda likita ya ce, ya barbaɗa yaji. Na ci abina ta hagu, a hankali, tun daga Sakkwato har ƙofar gida, ban ba ɗana ko yanka ɗaya ba.